Uwaliya da Teburin Kabo

A Gwarzo, in aka ambaci Uwaliya mai ɗinki, tsofaffin matan bayan kasuwa sukan taɓe baki su ce, "Wace? Mai taurin kan nan?" Ba su yi mata ƙazafi ba. Gajeruwa ce siririya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma iya doguwar gaisuwa ba, in ta ce da mutum lafiya lau sau biyu to ta yi masa kara. Amma in ta kafe a kan magana, sai dai mai ja da ita ya gaji ya nemi takalminsa. Abin da ya sa sunan ya bi ta har tsufa kuwa wani tebur ne.

'Yar Garo ce ta ƙasar Kabo, gidansu manoma ne masu ɗan kiwo. Ta auri Baƙo kafinta a lokacin da yake aiki a wani kamfanin kujeru a Kano, yana zuwa Gwarzo duk ƙarshen mako da burodi da sabulun wanka. Haihuwa huɗu ta yi, ɗaya ce ta tsaya, wato Murja. Tana da keken ɗinki na ƙafa da ta zo da shi daga gidansu, tana yi wa matan unguwa ɗinki, ba ta jiran kowa ya saya mata gishiri. Akwai kuma ƙanin mijinta, Sagiru, wanda ya tashi a hannunta bayan rasuwar uwarsu. Ita ta yi masa wanki, ita ta ɗinka masa wandon makaranta, har ya girma ya zama ɗan kasuwar hatsi mai rumfarsa.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, wajen shekarar tamanin da shida. Katako ya yi tsada, masu sayen kujeru suka ɗauke ƙafa, kamfanin ya sallami ma'aikata a rana ɗaya. Baƙo ya dawo Gwarzo da zarto da hama da dogon katakonsa na awo, ya buɗe ɗakin aiki a tsakar gida ya zauna jiran masu kawo aiki. To wa zai sa a yi masa kabad alhali kwanon dawa na neman gagararsa? Wata shida keken Uwaliya ne ya riƙe gidan, kuma ba ta taɓa goranta masa ba.

A wannan lokacin ne wani ya kawo tsohon teburin sinuka daga Kano ya kafa a wata rumfa kusa da tasha. Tebur ne dogo mai koren ƙyalle da ramuka shida, ana tunkuɗa ƙwallaye a kansa da siririyar sanda. Samarin da suka gama makaranta babu aiki suka yi masa caa. Sai dai teburin ya sha jiki, ƙafa ɗaya ta ruɓe, ƙyallen ya yage, ƙwallo kuma duk inda aka buga ta sai ta gangara kusurwa ɗaya. Aka kira Baƙo. Ƙafar ba ta ba shi wuya ba, sabon ƙyallen da mai teburin ya sayo ne ya kawo gida don Uwaliya ta yanka masa daidai awo.

Ta shimfiɗa shi a tabarma ta shafa da tafin hannu. Da ta yi gaba sai ya kwanta lumui, da ta dawo baya sai gashinsa ya tashi kamar bayan kyanwa in an shafe ta a juye.

"Wannan ƙyallen yana da gaba yana da baya," in ji ta. "Ka sa gabansa ya bi inda ake bugawa."

Baƙo ya yi dariya ya ce ƙyalle ai ƙyalle ne, ba jaki ba ne balle a ce ga kai ga wutsiya. Ya je ya kafa shi yadda ya ga dama. Kwana biyu 'yan wasa suka ishe shi da ƙorafi, wai ƙwallo tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ya cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya juya ƙyallen, ya dawo gida. Ita kuwa miya kawai ta ƙara masa a tuwo.

Daga nan sana'ar ta zama ta mutum biyu, ko da yake a gari sunan mutum ɗaya aka sani. Tebura suka yawaita daga Gwarzo har Kabo, kuma duk wanda ya lalace gidan Baƙo ake kawo shi. Shi ke aikin katako, shi ke daidaita ƙafafu da wata kwalbar turare da ya cika da ruwa ya bar mata ɗan kumfa, in ya kwantar da ita kumfan ya tsaya a tsakiya to tebur ya zauna. Ita ke yanka ƙyalle, ta goge shi da dutsen guga ta fuska ɗaya, ta saƙa ragar ramuka da zaren lilo, ta naɗe robar gefe. In za a ja ƙyalle a kafa, shi yana riƙe da gefe ɗaya ita ɗaya, suna ja daga tsakiya zuwa kusurwa suna faɗa. Yakan ce ta cika tsanani, takan ce shi kuma ya cika "ai ya yi haka nan". A wajen jan ƙyallen nan suka fi yin hira a duk zaman aurensu.

Bayan 'yan shekaru Baƙo ya ce zai yi nasa teburin, ba na allon katako irin na rumfuna ba, wanda ke kumbura da damina. Na Turawa falan dutse ake sa masa a ƙarƙashin ƙyalle, shi kuwa ba shi da inda zai samu, sai ya zuba falan siminti da hannunsa a wani shago da ya kama a Kabo, saboda a can ya samu wuri. Da aka zo kan ƙyalle aljihu ya ƙare. Uwaliya ta sa aka kai tumakinta biyu kasuwa, aka sayo mai kyau daga Kano. Ta yanka, ta goge, ta ɗinka jan zare a gefen da zai zama gaba don kada a sake tsohon kuskure, ta naɗe ta ba shi ya tafi da shi. Matar kulle ce, ba za ta je rumfar maza a Kabo ba. Saboda haka teburin da aka yi ta zuwa kallo har daga Kutama da Lakwaya, ita ba ta taɓa ganinsa ba, sai dai labari. In ya dawo takan tambaye shi, "Yaya teburin?" kamar yadda ake tambayar ɗan da ke karatu a wani gari.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Uwaliya na cikin waɗanda suka yi murna da gaske, har guɗa ta yi a tsakar gida. Ba a jima ba aka fara rufe rumfunan sinuka. Gaskiya kuma a faɗe ta, a wasu rumfunan ana caca, ana kuma fashin salla, iyaye sun daɗe suna kuka. Baƙo bai taɓa yarda a sa kuɗi a kan teburinsa ba, in aka kira salla kuma yakan kwashe ƙwallayen ya zuba a aljihun babbar rigarsa ya tafi da su masallaci. Amma da dattawan unguwa suka zo rufewa ba su tsaya tantance na wane da na wane ba, kowa aka sa ya garƙame. Abin dariyar shi ne, wasu masu hali da suka fi kowa ɗaga murya a kan rufewar, su ne suka riƙa aiko wa Baƙo a ɓoye ya je ya kafa musu tebur a falon cikin gida, wai don yara. Ya je ya kafa, ya daidaita da kwalbarsa, ya dawo yana girgiza kai. Nasa kuwa yana kulle a Kabo, an rufe shi da tsohon bargo.

Bai cika shekara ba bayan haka hawan jini ya kayar da shi a ɗakin aikinsa, da hantsi, da zarto a hannu. Kwana uku ya yi ya cika. Uwaliya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita ba kwalliya.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidan. Malam Dabo limamin unguwa shi ne mai rabo, ga dattawa uku shaidu, ga Sagiru wanda yanzu ya tara gemu yana cikin kwamitin masallaci. Uwaliya da Murja, wadda ta zo daga gidan mijinta a Lakwaya, suna zaune a bayan asabari ta ƙofar ciki. Aka lissafa gida, da gona a hanyar Kutama, da kayan aiki. Da aka zo kan teburin Kabo sai Sagiru ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, wannan ai ba ya shiga gado. Kayan caca ne, haram kuwa ba a yi mata ƙima. Ni shawarata a kai wa kafinta ya yanka katakon a yi wa Islamiyyar unguwa bencina. Ko ba komai ladan ya iske Yaya a kabari, ya wanke masa abin da ya wuce."

Dattawa suka ce madalla. Ba da mugunta Sagiru ya faɗa ba, kunya ce ta daɗe tana cin sa, don a masallaci akan yi masa shaguɓe da sana'ar yayansa. Amma kalmar nan ta wankewa ta soki Uwaliya har cikin ƙashi. Wato shekara goma sha biyar na gumin mijinta da nata ƙazanta ce da za a wanke? Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Malam, ina da tambaya," ta ce daga bayan asabari.

"Muna ji, Uwaliya."

"Abin da mace ta samu da hannunta a gidan miji, na wane ne?"

"Nata ne. Ko miji ba shi da iko da shi sai da yardarta."

"To ƙyallen da ke kan teburin nan tumakina ne guda biyu. Ragar ramukan saƙata ce, robar gefen ni na naɗe ta. Wa ya ba Sagiru izinin yi wa yayansa sadaka da kayana?"

Sagiru ya ce, "Haba Yaya, ba haka nake nufi ba."

"Tuwon da ka ci a gidan nan shekarar da ka yi asarar gero, daga kan tebura ya fito. Ban ji ka ce a wanke shi ba."

Malam Dabo ya yi gyaran murya, ya shafa gemu. Can ya ce katako ba ya caca, siminti ba ya caca, mutane ne ke yi. Ƙyalle da raga na Uwaliya ne tun asali, sauran kuwa dukiyar marigayi ce, a yi masa ƙima a sa a gado kamar kowane kaya.

"To a sa mini shi a tumunina," in ji ta.

Malam ya bayyana mata a hankali, yadda ake yi wa wanda ake tsoron bai gane ba. Tumuninta kashi ɗaya ne cikin takwas. In ta ɗauki ɗakin da take ciki da ɗakin aikin, ta kuma ƙara da teburin, to ba abin da zai rage mata a gonar Kutama, ko kunyar shuka ɗaya.

Murja ta jawo gefen hijabinta tana raɗa, "Inna, gona fa. Tebur za ki ci?"

"Na ji, Malam. A rubuta."

Aka rubuta, shaidu suka sa hannu suna satar kallon juna. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa matar Baƙo ta bar gona ta ɗauki teburin 'yan iska, wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai.

Saura ɗauko shi. Ita ba ta da halin fita, sai ta kira Sagiru ta yi masa bayani dalla-dalla, don ta sha jin mijinta yana faɗa wa masu dako. A kwance ƙafafu daban. Falan simintin kuwa a tsaye ake ɗaukarsa, a jingine shi da gefen mota kamar ƙyauren ƙofa, a tare shi da buhunan ƙaiƙayi. Kada a kuskura a kwantar da shi, in aka kwantar zai tsage a hanya. Ta faɗa sau uku, ya ce to sau uku.

Ran kasuwar Kabo ya ɗauki hayar a-kori-kura da 'yan dakon da ke yi masa lodin hatsi. Ya faɗa musu sau ɗaya ya wuce wajen ciniki. Su kuwa mutane ne da suka yi shekaru suna loda mota, kuma abin da suka sani shi ne kaya mai nauyi da faɗi a ƙasa ake shimfiɗa shi. Wane mai hankali ne zai tsayar da wannan uban nauyi ya faɗo wa mutum a ƙafa? Suka kwantar da shi a kan ƙafafun teburin, tsakiyarsa na lilo. Da suka ga fili ya samu shimfiɗe lafiyayye, motar kuma Gwarzo za ta, sai suka ɗora buhunan masarar Sagiru a kai don kada a yi asarar hanya. Suka bi ramukan titin nan suna ta hira.

Da azahar suka iso. Uwaliya ta koma ɗaki ta saki labule tana leƙe ta gefe. Ta ga ƙafafun sun shigo, baƙin katako mai sheƙi da aka fere shi kamar turmi, ta gane hannun mijinta a kowace gaɓa. Sannan mutum shida suka shigo da falan, koren ƙyallen na kansa, ga jan zarenta nan a gefe har yanzu bai kuɗe ba. Sai ta ga tsakiyar ta lanƙwashe. Simintin ya rabu biyu daga ramin tsakiya zuwa ramin tsakiya, ƙyallen kaɗai ya riƙe shi. Ganinta na farko ke nan da teburin, bayan shekara goma sha ɗaya tana tambayar lafiyarsa. Ta dafa bango, hawaye suka zubo mata, waɗanda ko ranar da aka fita da gawa ba ta bari an gani ba.

Sagiru ya matso bakin labulen, muryarsa a sanyaye. "Yaya, kin gani ko? Allah ne ya yi hukuncinsa. Ki haƙura a kai shi Islamiyyar, ni kuma zan ba ki wani abu daga gonar."

"Kada ka ɗora wa Allah buhunan masararka," ta ce. "Ka faɗa wa mutanenka kada wanda ya fita daga gidan nan sai sun haɗa ƙafafun a ɗakin aiki sun ɗora mini shi a kai."

Suka haɗa, suka ɗora, suka fita sum-sum ba wanda ya tsaya shan ruwa.

Washegari ta fara. Ta cire ƙusoshin ƙyallen, ta wanke shi ta naɗe ta sa a akwati. Ta shiga ƙarƙashin teburin da kanta ta tallafe tsagar da katako, ta ɗaure. Ta wanke bakin tsagar, ta dama siminti ruwa-ruwa kamar koko ta tsiyaya a ciki, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu tana yayyafa masa ruwa har mako guda. Da ya kama sai ta kifa dogon katakon awon marigayi a kai, ta durƙusa ta leƙa. Haske na wucewa ta ƙarƙashi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da kaurin farce, kuma kaurin farce a teburin sinuka ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ta da injin goge siminti, ba ta kuma san inda ake samunsa ba. Abin da take da shi ɗan dutsen niƙa ne da ta gada wajen kakarta. Ta tankaɗe yashi da rariya, ta zuba da ruwa, ta kama dutsen hannu bibbiyu ta shiga niƙa tudun nan kamar mai niƙan gero. Kullum in ta idar da sallar walha ta yi wa mijinta addu'a sai ta shiga ɗakin, ba ta fitowa sai azahar. Maƙwabta suka riƙa jin gurzar dutse ta katanga. Da suka gano ba hatsi take niƙa ba, masu zuwa gaisuwar takaba suka ƙaru, kowace da nata wa'azin. Wata ta ce mai takaba carbi ya kamace ta. Uwaliya ta ce ta ja carbin tun asuba, ko akwai littafin da ya hana mai takaba niƙa? Matar ta tattara mayafinta.

Hannuwanta suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin kanta. Bayanta ya riƙe har sai ta dafa bango take miƙewa. Murja takan zo daga Lakwaya duk Juma'a ta tarar da ita fari fat da ƙurar siminti, ta yi ta faɗa, sannan ta ɗaura zane ta kama ɗebo mata ruwa. Akwai ranar da Uwaliya ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar teburin tana jin kewar mijinta kamar ta kashe ta, don a nan ne daidai zai ce ai ya yi haka nan, ita kuma ta ce bai yi ba. Yanzu ba mai ce mata ya yi, sai ta tashi ta ci gaba. Da hasken ya daina wucewa ƙarƙashin katakon, ta narka kakin zuma ta cike ƙananan ramukan, ta kankare da wuƙa. Ta daidaita ƙafafun da kwalbar turaren har kumfan ya tsaya cak. Saura kwana biyu ta fita takaba ita da Murja suka ja ƙyallen suka kafa, ta goge shi da dutsen guga. Ba ta gwada shi da ƙwallo ba. Ta rufe ɗakin ta ce sai ta fita takaba.

Ranar fitar takaba gidan ya cika da mata, aka yi waina aka raba. Bayan la'asar da mutane suka ragu Sagiru ya yi sallama, shi da dattawa biyu daga cikin shaidun nan. Yanzu ba labule a tsakani, ta fito da hijabinta ta buɗe musu ɗakin aikin. Suka tsaya a bakin ƙofa. Teburin na tsaye a tsakiyar ɗakin, kore shar, ba alamar ya taɓa jin ciwo. Ɗaya daga cikin dattawan har ya miƙa hannu zai shafa, ya tuna da wanda ya zo da shi ya janye.

Sagiru ya ce, "Yaya, mutane suna magana. Abin da ya tsage ya tsage, ƙyalle ne kawai ya rufe shi. Ga shaidu, mu kashe maganar yau. A gara ƙwallo daga wannan kai zuwa wancan. In ta tafi sak, na yi alkawari ba zan ƙara buɗe baki a kan teburin nan ba har abada. In ta kauce, ki ba da shi a yi bencin."

Murja ta dubi uwarta. Uwaliya ta dubi Sagiru daga hularsa har takalminsa.

"In ta tafi sak na ci, in ta kauce ka ci?"

"Haka ne."

"Wato caca ka zo mu yi, Sagiru? A kan teburin yayanka, wanda bai taɓa bari an yi a kansa ba? Har da shaidu ka ɗauko?"

Dattijon da ya so shafa teburin ya yi tari ya juya yana kallon rumbu.

"Ni ba na caca," ta ce. "Teburin nan tumunina ne, Malam Dabo ya rubuta, waɗannan bayin Allah sun sa hannu. Ƙwallo ta tafi sak nawa ne, ta kauce nawa ne, ta tashi sama ma nawa ne. In Islamiyya na son benci, ga katako nan a kasuwa, kai kuma ga ribar masara. Ku gaida gida."

Suka fita. Sagiru ne na ƙarshe, ya tsaya a zaure kamar zai dawo ya ce wani abu, sai kuma aka ji ƙarar babur ɗinsa.

Murja ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Uwaliya ba ta yi dariya ba. Ta tura ƙofar ɗakin, ta buɗe taga don haske ya shigo, ta ɗauko farar ƙwallo daga cikin gwangwanin da ƙwallayen suke. Ta fi jin tsoro yanzu a kan lokacin da mazan ke tsaye. Ta tsaya a bakin teburin ta gefen jan zaren, ta sunkuya har haɓarta ta kusa taɓa ƙyallen, ta tura ƙwallon a hankali da yatsa biyu.

Ƙwallon ta tafi shiru, sak, har tsakiya. Daidai kan tsagar ta ɗan karkata hagu, abin da bai fi ƙwayar gero ba, sannan ta ƙarasa ta jingina da robar.

"Ta tafi daidai, Inna!" in ji Murja. "Wallahi ta tafi daidai."

"Ba ta tafi ba."

"To wa zai gani? Ni ina tsaye a nan ban gani ba. Ba mai wasa a kansa, ba mai shigowa ɗakin nan. Dubi hannunki fa, Inna. Ki bar shi haka, don Allah."

Uwaliya ta sake ɗauko ƙwallon ta tura. Ta sake karkata a wurin. Ta daɗe tana kallon tsakiyar teburin, ranta na ƙuna, gajiyar wata uku ta taru ta danne mata kafaɗu. Ta cire hijabin ta rataye a ƙusa, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Miƙo mini filayar babanki," ta ce, "ki kuma ɗebo ruwa a bokiti."

Murja ta share ido ta miƙo mata. Uwaliya ta durƙusa a kusurwar teburin ta kama ƙusar farko ta fara cirewa.